Ƙudan zuma a bakin famfo, gunda tana zuba a garka: bazara ɗaya a wani gida a bayan garin Zariya

Gidan da abin da ke cikinsa

Gidan yana can bayan garin Zariya, inda unguwa take ƙarewa gonaki su fara. Maigidan tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa. Tare da shi akwai uwargida, da 'yar autarsu da ke ajin sakandare, da jikoki biyu ƙanana. A tsakar gida akwai mangwaro biyu da lemun tsami ɗaya. Darbejiya tana ƙofar gida, zogale shida sun jeru a jikin katangar gabas. A bayan ɗakuna aka ware wuri mai tsawon taki 15 da faɗin taki 10, aka zagaye shi da kara saboda awaki. Ita ce garkar. Ruwa daga rijiya ake tura shi tanki, daga tanki ya sauko famfo guda ɗaya da ke kusa da madafa. Famfon ya daɗe yana ɗiga, har ƙasan wurin ta yi gansakuka, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin matsala.

A makon farko na Fabrairu Malam ya shuka kabewa rami 6, kankana rami 12, da kuɓewa layi 2. Ya kuma dasa tumatir gindi 30. Masu noman fadama a yankin tun watan Oktoba zuwa Disamba suke dashen tumatir domin ya yi fure cikin sanyi, amma shi irin bai zo hannunsa da wuri ba. Sauran hunturu ya sa tsiron ya ɗan yi nawa, daga baya komai ya miƙe. Zuwa farkon Maris kabewa ta fara yaɗo.

Ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris: baƙi a bakin famfo

Da farko ƙudan zuma ba su fi biyar ko shida ba, suna sauka a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar ƙarƙashin famfo da hantsi. Da Maris ya shigo, iskar hunturu ta kwanta, zafi ya taso, ƙoramar da ke bayan unguwa ta ƙafe ƙaf. Nan da nan adadinsu ya wuce ƙirge. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar bakin famfo, da bahon ruwan awaki, da wurin wanke-wanke duk nasu ne. Uwargida ta koma yin wanke-wanke da asuba ko bayan magariba. Ranar da ƙaramin jikan ya taka ɗaya da ƙafa ba takalmi, tafin ƙafar ya kumbura kwana biyu, ta ce ita kam ta gaji.

"Malam, ko dai a kore su, ko a mayar da yaran nan gidan iyayensu har damina."

An fara da hayaƙi. Aka kunna tsumma da busasshen kashin shanu a kasko kusa da famfo. Suna watsewa muddin hayaƙin yana tashi, yana mutuwa su dawo. Aka rufe bahon awaki da faifai, sai suka taru a famfon gaba ɗaya. A mako na biyu na Maris Malam ya sayo fiya-fiya ya yayyafa a ƙasan famfo. Washegari aka share matattu kusan cikin gwangwanin madara. Bayan kwana biyu wasu suka zo, aka sake.

A daidai wannan lokacin darɓa ta kama ƙarƙashin ganyen kankana, wasu jajayen ƙwari kuma suna huda ganyen kabewa. Mai shagon maganin gona ya ba shi ruwan feshi, ya ce sau biyu a mako. Malam mutum ne mai sammako, don haka yana dawowa daga masallaci, gari na wayewa, yake saɓa famfon feshi. Ya yi haka sau biyar tsakanin tsakiyar Maris da ƙarshensa. Darɓa ta ragu. Ƙudan zuma ma suka ragu ƙwarai a bakin famfo, kuma a gidan an ɗauka an yi nasara biyu da jifa ɗaya.

Ƙarshen Maris: fure ba 'ya'ya

Kabewa ta fara fure a tsakiyar Maris, kankana ta biyo ta. Furen ya yi yawa har maƙwabta suna leƙowa ta kan dangar kara. Amma gunda ba ta zama. Takan fito kamar ƙwan kaza a gindin furen kabewa, ta yi kwana uku ko huɗu a haka, sai ta yi rawaya daga baki, ta yanƙwane, ta faɗi. Ta kankana ko girman goro ba ta kaiwa. Kaɗan da suka tsira sun fito a karkace, gefe ɗaya a cike, ɗaya a tsuke. Tumatir ma yana zubar da fure tun daga kara. Kuɓewa kaɗai ke bayarwa, kowane kwana biyu ana tsinka.

Malam ya fara zargin yunwa, ya zuba takin yuriya, murfin kwalba ɗaya a kowane gindi. Cikin kwana 10 ganye ya yi baƙi-ƙirin don kore, yaɗo ya haura danga, gunda ta ci gaba da zuba. Ya zargi ƙishi, ya mayar da ban ruwa sau biyu a rana, safe da yamma. Rijiya ta fara ja da baya, gindin tumatir biyu suka ruɓe, babu abin da ya sauya. Ya kafa rumfar ganyen darbejiya a kan rabin kankanar don rage rana. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, tunda kowa ya leƙo sai ya yaba. Malam bai musa mata ba, amma ya ce bakin da ya kama kabewa ya ƙyale kuɓewa a garka ɗaya, akwai abin dubawa a cikinsa.

Makon farko da na biyu na Afrilu: littafin 'yar auta

An yi hutun makaranta. Yarinyar ta tuna a darasin aikin gona an ce musu dangin kabewa furensu iri biyu ne, namiji da mace. Ta shiga garka ta duba, ta ga haka ne. Namijin yana kan dogon siririn kara, cikinsa tsinke ɗaya ne mai ɗauke da gari rawaya. Macen karanta gajere ne, kuma tun kafin ta buɗe akwai 'yar gunda a ƙarƙashinta. Wannan gundar ba alamar an samu ɗa ba ce. Sai garin namiji ya isa cikin macen take girma, in bai isa ba shukar ta yar da ita. Garin kuwa mai nauyi ne da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro.

Malam ya ba ta tsohon littafin rajista da ya rage masa shafuka. Kullum da ƙarfe 6:30 na safe takan zauna a kan kujera 'yar tsuguno gaban furanni 10 na kabewa, ta yi minti 15 tana ƙirga duk abin da ya sauka. Ta kuma rubuta lokacin buɗewar fure da rufewarsa. A kwana biyar na farko, ranar da ta ga ƙudan zuma mafi yawa uku ta gani, kwana biyu kuma ko ɗaya. Furen kabewa yana buɗewa tun kafin rana ta fito, kafin ƙarfe 10 ya yi laushi ya naɗe, kuma ba ya sake buɗewa. Na kankana yana jira rana ta ɗan ɗaga, ya rufe da azahar, shi ma kwana ɗaya ke gare shi. Da ta karanta wa mahaifinta wannan, shi da kansa ya lissafa cewa duk feshin da ya yi, ya yi shi ne a cikin 'yan sa'o'in da furen yake buɗe.

Suka yi gwaji mai sauƙi. A cikin kwana huɗu suka zaɓi furen kabewa mata 20 a ranar buɗewarsu. Goma daga ciki, yarinyar ta tsinko namiji, ta yaye masa ganyen fure, ta goga tsinken a tsakiyar macen a hankali ta kowane gefe, ta ɗaura jan zare a kara. Goman da suka rage ba a taɓa su ba, aka ɗaura musu baƙin zare. Bayan mako ɗaya, 8 daga cikin masu jan zare sun wuce girman dunƙulen hannu suna sheƙi. A masu baƙin zare 2 ne suka tsaya.

Littafin ya tono wani abu da ba a nema ba. Wasu gundar da suka kama, suka fara girma, daga baya sukan yi wani ɗan tabo mai fitar da ruwa kamar ƙaro, su ruɓe ta nan. Da aka fasa ɗaya sai ga tsutsotsi farare a ciki. Wannan aikin wani ƙaramin ƙuda ne mai launin ruwan ƙasa da ɗigon rawaya, wanda macensa ke soka ƙwai a ƙarƙashin fatar gunda. Duk feshin da aka yi bai hana shi ba, domin tsutsar tana ciki, uwar kuma tashi take ta dawo.

Tumatir kuwa ya ƙi bin wannan bayani. Furensa namiji da mace a haɗe suke, girgizar iska ma takan isa. An bi shi ana kaɗa karan kowace safiya har mako guda, fure bai daina zuba ba.

Tsakiyar Afrilu: zuwan mai amya

Malam ya dakatar da feshi tun ranar da aka ga sakamakon zare. Sai dai matsalar farko tana nan: in ƙudan zuma suka dawo garka, za su dawo famfo. Wani abokinsa ya haɗa shi da wani dattijo daga ƙauyen da ke gaba, wanda ya gaji ɗora amya a kan itatuwa. Dattijon ya zo da hantsi, ya tsuguna nesa kaɗan da famfo, ya daɗe yana kallon 'yan kaɗan da suka rage. Ya nuna yadda kowanne in ya sha ya cika ciki yake tashi ya miƙe kudu maso yamma, ba ya ko kallon garka. Ya ce gidansu yana wajen ɗorawoyin bakin ƙorama, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba.

"Baba, to me ya sa sai gidana?" in ji Malam.

"Malam, ai ba gidanka suke so ba, ruwanka suke so. Duk unguwar nan wa ke da famfo mai zuba dare da rana? Kai da ka ga rijiya a bazara, ka wuce ta?"

Abin da dattijon ya sani da ido, masana ƙudan zuma sun auna shi. Wurin da suke renon 'ya'yansu a cikin saƙa sai ya zauna a kusan digiri 35 na ma'aunin Salshiyas. A Afrilu zafin rana a Zariya yakan haura haka, balle a cikin kogon itace ko amyar da rana ke duka. Saboda haka wasu daga cikin ma'aikatan ba fure suke nema ba, ruwa kawai suke jigila. Su kai, a shafa shi a kan saƙa, wasu su yi ta kaɗa fiffike har ya bushe ya tafi da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta jikinta. Kuma wanda ya gano wurin ruwa yakan riƙe shi, ya sanar da 'yan uwansa, su yi ta zuwa har sai ya ƙafe. Masu ɗibar ruwa ba faɗa ya kawo su ba, shi ya sa harbin da aka samu a gidan na wanda aka taka ne. Kusa da gidansu ne ƙudan zumar ƙasarmu suke da zafin rai, kuma a nan ba a wasa da su.

Shawararsa ita ce a ba su wurin shansu daban, a kuma kashe na famfo. Sau uku aka yi kafin ya zauna. Na farko, bayan tafiyarsa, Malam ya ga kamar zai gaggauta abin, ya jiƙa sukari a faranti ya ajiye a gindin darbejiya. Kafin azahar wurin ya cika da ƙudan zuma masu kokawa da juna, ga rina, ga tururuwa, har masu wucewa ta ƙofar gida suna kaucewa. Aka ɗauke, aka wanke wurin. Na biyu, aka sa baho mai zurfi da ruwa zalla. Da yamma aka tsamo 14 da suka nutse, domin ƙudan zuma ba ya sha sai ƙafarsa tana kan abu. Na uku, da dattijon ya dawo, ya karɓi tsohon kaskon tuya na ƙasa, ya cika shi da tsakuwa da totuwar masara, ya zuba ruwa daidai yadda kan tsakuwar zai fito, ya barbaɗa gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ya kankaro gansakukar ƙarƙashin famfo ya jefa a ciki, ya ce warin da suka saba da shi ke nan. Ya ajiye kaskon a inuwar zogale ta ƙarshe, a kusurwar garka, taki 25 daga madafa, inda yara ba sa bi.

A ranar aka kira mai gyaran famfo ya sauya roba. Aka kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da fiya-fiya ya taɓa, aka zuba busasshen yashi. Ruwan awaki aka koma ba su safe da yamma a ɗauke bahon. Kwana uku ƙudan zuma suna zagaya famfon suna neman abin da suka sani. A kwana na biyar babu ko ɗaya a wurin, kasko kuwa sai an ƙara masa ruwa kofi 4 zuwa 5 a rana, wani ya tafi cikinsu, wani rana ta sha.

Darɓa da ta sake tasowa aka bi ta da ruwan sabulu bayan la'asar sakaliya, lokacin da fure ya rufe, ganyen da ya lalace sosai aka cire shi. Gundar da ta kama kuwa, ana ganin furenta ya bushe sai a sa mata riga da yankin tsohon gidan sauro, a ɗaure baki. Ruɓaɓɓu aka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya aka binne, don kada tsutsar in ta zama ƙuda ta iya fitowa.

Ƙarshen Afrilu: abin da itatuwa suka nuna

Yarinyar ba ta tsaya a kabewa ba. Ta buɗe wani shafi don itatuwa, dattijon kuma ya cike mata watannin da ba ta gani ba, domin mai amya da furen itace yake lissafin shekara. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi toho da rani, shi ke buɗe kakar da fure bayan ɗaukewar ruwa. Mangwaro yana biyo baya cikin hunturu, amma furensa ƙudaje ne suka fi bin sa. Kaɗanya tana yi daga tsakiyar rani. Ɗorawa tana sako jajayen tuntayenta a Fabrairu da Maris. Da daddare jemagu ne a kanta, da asuba ƙudan zuma su kwashe abin da ya rage, har mutum yakan ji ƙugin itacen tun daga nesa. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, tana cika unguwa da ƙanshin ƙananan fararen furanninta a wajajen Maris. Kuka tana tsaye tsirara duk rani, sai dab da damina ta yi ganye, furenta fari kuma da dare yake buɗewa don jemagu. Tsamiya ma sai ruwa ya kusa.

Da aka jera su haka, sai wani giɓi ya fito: daga lokacin da ɗorawa ta koma 'ya'ya, darbejiya ta zubar da fure, har zuwa saukar ruwa, daji ba shi da wani abin kirki. A cikin wannan giɓin, abin da ke fure a unguwar shi ne abin da ake ba ruwa. Zogalen gidan, saboda suna shan ragowar ruwan garka, ba su daina fure ba. A kansu ta fi ganin baƙi: ƙudan zuma, da wani ƙaton baƙin ƙwaro mai ƙugi da ke huda busasshen azara ya yi gida, da wasu 'yan mitsi-mitsi marasa harbi da ke shiga tsagar katanga. Uwargida ta so a sassare zogalen don ya yi sabon ganye, aka roƙe ta ta yi uku ta bar uku. Da rana kuma ƙudan zuma suna sauka a kan mangwaron da ya faɗo ya fashe, don haka aka sa yara su riƙa tsince shi da safe, da takalmi a ƙafa.

A makon ƙarshe na Afrilu, ƙirgen minti 15 ya tashi daga 0 zuwa 3 ya koma tsakanin 12 da 20. Wani lokaci ta kan tarar da biyu a cikin furen kabewa ɗaya, jikinsu ya yi rawaya kamar an tsoma su a garin ɗorawa. Aka daina goga fure da hannu.

Mayu: girbi

An yi ruwan farko mai ƙarfi a mako na biyu na Mayu. Bayan kwana biyu kaskon ya zama kufai, ruwa ya samu ko'ina. Zuwa ƙarshen wata an cire kabewa 17, takwas daga cikinsu masu jan zare. Kankana 9 aka samu daga rami 12, duk daga furen ƙarshen Afrilu, uku kuma ruwan sama ya fasa su kafin su nuna. Tumatir bai cika kwano biyu ba gaba ɗaya, aka tuge shi. Ba a sake harbin kowa ba tun ranar da aka gyara famfo.

Hukunci

Abin da gidan ya ɗauka cuta ɗaya ce, uku ne. Zubar gundar kabewa da kankana rashin mai kai garin fure ne, kuma gwajin zare ya nuna haka a fili. Kankana ta fi jin jiki saboda furenta mace yana bukatar ziyara kamar 8 kafin ɗa ya cika ta kowane gefe, shi ya sa waɗanda suka samu kaɗan suka karkace. Ruɓewar gundar da ta riga ta kama aikin ƙudan 'ya'yan itace ne, rigar gidan sauro ce ta yi maganinsa. Tumatir kuwa zafi ne ya kashe shi: in rana ta wuce digiri 32 zuwa 35, dare ma bai yi sanyi ba, garin furensa yakan lalace, kuma ko amya aka ɗora a tsakiyar garka ba za ta gyara dashen Fabrairu ba. Kuɓewa ta tsira ne don tana son zafi kuma furenta yana wadatar da kansa.

A ganina fiya-fiyan bakin famfo bai kai feshin asuba ɓarna ba. Na famfo masu jigilar ruwa ya kashe, na garka kuwa ya sauka ne a kan masu aikin fure, a cikin furen, a sa'ar da suke ciki. Da maganin nan ɗaya aka fesa bayan la'asar, da asarar ba ta kai haka ba. Taki da ƙarin ruwa ba su taɓa matsalar ba, yuriyar ma ta tura ƙarfin shukar cikin ganye. Wani ɓangare na dawowar ƙudan zuma lokaci ne ya yi shi, domin daga ƙwai zuwa fitowar ma'aikaci kusan mako uku ne, don haka ba za a jingina komai ga kasko ba. Abin da kaskon ya yi shi ne ya raba su da madafa, ya sa uwargida ta yarda a bar su.

Malam ya ajiye kaskon a bayan ɗaki, ya rubuta a bangon rajistar cewa a fito da shi a tsakiyar Fabrairu, kafin ƙorama ta ƙafe, tumatir kuma a dasa shi a Nuwamba.